Yadda Ake Haɗa Busta da Tsohuwar Na'urar Gano Ƙarfe Don Jin Abin da Ya Nutse a Ƙasa

Duk wanda ya saba da tsohuwar na'urar gano ƙarfe ya san halinta. Kwabon da ke kusa da sama yakan sa ta kwarma ihu, wanda ya yi nisa kuwa raɗa kawai take yi masa. Wannan raɗar ce iska, ƙarar mota da takun ƙafarka suke haɗiyewa, ka wuce abu mai daraja ba ka sani ba. Maganin da masu wannan harka suka daɗe suna yi shi ne ɗan akwatin ƙara sauti da ake kira busta, wanda ake sa shi tsakanin na'urar da hedifon.

Batun ya fi shafar na'urorin shekarun 1980 da 1990, waɗanda har yanzu suna hannun mutane suna aiki lafiya lau. Kamfanin White's, da ya fara a 1950, ya rufe a 2020, Tesoro ma ya daina aiki, amma na'urorinsu ba su mutu tare da su ba. Masu neman zinariya a Ostireliya kuwa sun daɗe suna haɗa busta da na'urorin Minelab samfurin SD da GP, musamman saboda ba su zo da lasifika a jikinsu ba.

Abin da busta take iyawa

Busta ba ta ƙara wa na'ura zurfin gani. Aikinta ta ɗaga abin da na'urar ta riga ta kama har ya kai kunnenka. Abin da na'urar ba ta kama ba, ko ta kama ta yar tun a cikinta, babu bustar da za ta dawo da shi.

Dalilin yana cikin yadda faifan bincike, wato faifan da ke ƙarshen sandar na'urar, yake aiki. Yana tura maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke binne ya mayar da amsa. Maganaɗisun yana raunana a hanyar sauka, amsar ma tana raunana a hanyar dawowa. Ga ƙaramin abu irin kwabo, da zarar nisansa ya wuce faɗin faifan, ninka nisa sau biyu yana rage sigina kusan sau 64. Ke nan ko ka ƙara ƙarfin sigina sau goma, ƙarin zurfin da za ka samu bai kai rabin wanda kake da shi ba, wannan ma in hayaniyar ƙasa ba ta tashi tare da shi ba, alhali kullum sai ta tashi. Saboda haka abin da za ka sa rai da shi santimita kaɗan ne a can ƙarshen iyakar na'urarka. Kada ka raina su. A filin da aka daɗe ana bincika, duk abin da ke sama an riga an kwashe, abin da ya rage yana cikin waɗannan 'yan santimitar.

Mataki na farko: gane irin muryar na'urarka

Wannan gwajin shi zai nuna maka ko ka ci gaba ko ka ajiye kuɗinka. Ɗora na'urar a kan teburin katako, faifan ya leƙo waje, nesa da duk wani ƙarfe. Cire zobe da agogo. Kunna ta, ka riƙa wuce da kwabo ta gaban faifan, kana ja da baya kaɗan-kaɗan.

Idan sautin yana raguwa sannu a hankali har ya zama ɗan siriri kafin ya ɓace, na'urarka tana bayyana ƙarfin sigina ta ƙarfin murya. Irin wannan ce busta take yi wa amfani.

Idan kuwa ƙarar iri ɗaya ce ko kwabon yana kusa ko yana nesa, sai kawai ta yanke lokaci guda, to na'urar tana da ƙofa a cikinta: siginar da ya kai wani mizani ya wuce da cikakkiyar ƙara, wanda bai kai ba a yi shiru. Busta a nan ciwon kai kawai za ta ƙara maka.

Yi gwajin a yanayi biyu. Na'urori da yawa suna yanke sauti a yanayin tantance ƙarfe, amma in ka juya su zuwa yanayin jin kowane ƙarfe, wanda ake rubuta wa All Metal, sai su ba ka murya mai hawa da sauka tare da ɗan ƙugi ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa. Wannan ƙugin, wanda maɓallinsa ke ɗauke da sunan Threshold, shi ne ginshiƙin duk abin da za mu yi.

Mataki na biyu: gyara na'urar tukuna

Busta ba ta san bambancin sigina da datti ba, duk wanda ya zo ɗaga shi take yi. Sa sabon batir. Cire murfin faifai ka wanke yashin da ya maƙale a ciki, domin baƙin yashi mai sinadarin ƙarfe yana haddasa ƙarar banza. Naɗe wayar faifan a jikin sanda ta zauna daram, kada ta riƙa lilo. Goge ramin hedifon da maganin wanke mahaɗar lantarki. In maɓalli yana ƙaraf-ƙaraf lokacin juyawa, a wanke shi ko a canza. Na'urar da ta shekara talatin mai yiwuwa kafasitocinta sun fara bushewa, mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai iya canza su.

Sannan ka duba abin da kake sauraro da shi. In har yanzu da lasifikar jikin na'ura kake aiki, fara sayen hedifon mai rufe kunne ruf. Sau da yawa wannan kaɗai yana kawo rabin abin da mutum yake nema wajen busta.

Mataki na uku: zaɓen busta ko haɗa ta

Abu uku nake dubawa: tana da batirinta na kanta, tana da maɓallin murya mai juyawa a hankali, kuma tana da abin da ke danne ƙarar da ta yi yawa. Na ukun nan bai kamata a yi ciniki a kansa ba, zan faɗi dalili a gaba.

Guji ƙananan amfilifayoyin zamani da ake kira Class D, da kuma ba busta wuta daga fawa bank. Dukansu suna kunna wuta suna kashewa sau dubbai a cikin daƙiƙa, wannan kuwa yana watsa hayaniyar da faifan zai iya ɗauka. Na'urorin gano ƙarfe irin waɗanda ake kira VLF suna aiki ne tsakanin kilohaz 3 zuwa 30, kuma an gina su don jin sigina mafi rauni, saboda haka ba sa jure maƙwabci mai surutu. Bluetooth na gama-gari ma ba ya dacewa, domin yana jinkirta sauti da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. In faifanka yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, za ka ji ƙarar bayan ka wuce abin da santimita 20, ka je kana tona inda babu komai.

Mai iya riƙe ƙarfen solda zai iya haɗa tasa da ɗan guntun ƙara sauti da ake kira LM386, wanda ke aiki da batir mai bolt 9. Ƙafa ta 6 ita ce ta wuta, ta 4 da ta 2 su tafi layin ƙasa, wato ƙafar batir mara wuta, sauti ya shiga ta ƙafa ta 3 bayan ya bi ta maɓallin murya mai om dubu 10, ya fita ta ƙafa ta 5 ta cikin kafasita mai maikrofarad 220. A haka yana ninka sauti sau 20. In ka sa kafasita mai maikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 zai ninka sau 200, amma ban ba ka shawarar haka ba. Abin da ke fitowa daga ramin hedifon ya riga ya yi ƙarfi, ninki 200 shuuu kawai zai cika maka kunne da shi.

Don danne ƙara, sa resista mai kamar om 100 a hanyar fita, bayanta ka gitta dayod biyu tsakanin wayar sauti da layin ƙasa, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya. Dayod ɗin silikon irin 1N4148 yana yanke sauti a wajen bolt 0.6, na jamaniyam ko Schottky a wajen 0.3. Raɗa za ta wuce ba a taɓa ta ba, ihu kuwa a sare masa kai. Babban sauti zai ɗan yi kaushi, wannan ba laifi ba ne. Ko bayan dayod ɗin ƙarar tana iya yin yawa ga hedifon mai saurin ji, don haka a samu wanda ke da maɓallin murya a jikinsa, da shi za ka sa iyakar ƙarshe.

Mataki na huɗu: haɗawa

Yawancin tsofaffin na'urori suna da babban rami mai milimita 6.35, ƙananan busta kuma sukan zo da mai 3.5. Sayi gajeruwar waya mai kai biyu daban-daban maimakon adafta mai tauri, wadda nauyinta kan fasa ramin na'urar da zarar ta bugi wani abu. Duba littafin na'urarka ka ga ramin mono ne ko sitiriyo. Filogin mono a ramin sitiriyo yana haɗe layi biyu, sakamakon shi ne sauti a kunne ɗaya, ko rauni, ko shiru gaba ɗaya.

Akwai tarko biyu da ba kowa ya sani ba. Na farko, a wasu na'urori layin komawa na hedifon ba shi ne ƙafar batir mara wuta ba. In ka ciyar da busta daga batirin na'urar, kana iya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, ka ƙona taransistar sauti. Shi ya sa busta take zama da batirinta. Wanda ke son cikakken kwanciyar hankali ya sa ƙaramar taransfoma ta sauti mai ɗaya-da-ɗaya a tsakani, ta raba su kwata-kwata.

Na biyu, wasu na'urori ba sa fitar da sauti sai sun ji nauyin lasifika ko hedifon a bakin ramin. Ka haɗa busta ka ji tsit ko wata 'yar ƙara mara fasali, ka ɗauka ta lalace. Gitta resista mai om 33 zuwa 150 a mashigar bustar, na'urar za ta ɗauka hedifon ne ta saki murya.

Rataya bustar a ɗamara ta bayanka, ko ka ɗaure ta tamau a ƙarƙashin madogarar hannu. Kada ita ko wayarta su riƙa reto kusa da faifai. Wajen kunnawa kuwa tsarin ba ya canzawa: muryar busta a sifili, hedifon a wuya, kunna na'ura, kunna busta, sa hedifon, sannan ka ɗaga murya a hankali.

Mataki na biyar: saiti

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, kuma tsarin gaba da baya yana da muhimmanci. Na'ura ake fara saitawa, busta ta zo ƙarshe.

Nemi wuri mai tsabta da babu ƙarfe. Sa na'urar a yanayin jin kowane ƙarfe, ka juya maɓallin ƙugi har ka fara jinsa da ƙyar, kamar kukan sauro daga nesa. Sai daidaita ƙasa: ɗaga faifan kamar santimita 20, ka sauke shi har ya kusa taɓa ƙasa, ka yi ta maimaitawa. In ƙugin yana ƙaruwa lokacin saukewa, juya maɓallin daidaita ƙasa gefe ɗaya, in yana ɓacewa juya ɗaya gefen, har ya zamana hawa da sauka ba sa canza shi. Kuskuren da kunne ba ya kamawa a da, busta za ta fito da shi fili, don haka ka ba wannan lokaci. Na'urar da aka kulle daidaiton ƙasarta tun daga masana'anta ba ta da wannan maɓallin, abin da ya rage maka shi ne rage ƙarfin ji.

Shi ma ƙarfin jin, wato maɓallin Sensitivity, ɗaga shi har na'urar ta fara 'yan tsalle-tsalle, sannan ka dawo baya har ta natsu. Mutane da yawa suna ƙure shi suna ganin zurfi suke ƙarawa. Amma siginar abu mai nisa ɗan kumburi ne kawai a cikin ƙugi, ba ka kuwa iya gane kumburi sai ƙugin ya miƙe sumul. Na fi son na'ura mai natsuwa a matsakaicin ƙarfi da busta a kanta, a kan wadda aka ƙure tana ta surutu.

Yanzu ɗaga muryar busta. Ƙugin zai yi ƙarfi, hannunka kuma zai so ya koma kan maɓallin ƙugi ya rage shi. Yi hattara a nan. In ka mayar da ƙugin ƙasa da inda yake fara fitowa, ka rufe ƙofar da raunanan sigina suke bi, kuma ka ɓata dalilin sayen bustar. Ka bar shi a daidai bakin fitowarsa, in ya dame ka muryar busta za ka rage. Abin da bustar ke ba ka shi ne damar ajiye ƙugin siriri sosai amma kana jinsa tangaram.

In dole ne ka yi aiki a yanayin tantancewa, sa shi ƙasa, iyakar inda zai ƙi ƙananan ƙusoshi. Abu mai zurfi ba ya ba na'ura cikakken bayanin kansa, ma'adinan ƙasa sukan sa ya yi kama da baƙin ƙarfe, tantancewa mai tsanani kuma ta yar da shi kafin ya iso ramin hedifon.

Kafin ka taka ko'ina, jefa kwabo a ƙasa ka wuce da faifan dab da shi. In ka zabura, murya ta yi yawa.

Kunnenka

Ka ɗaga murya don jin raɗa, sai faifan ya bi ta kan gwangwanin da ke kwance a ƙarƙashin ciyawa. Ba tare da abin danne ƙara ba, duk wannan ƙarfin cikin kunnenka zai sauka, kuma ba sau ɗaya ba a yini. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kacal. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, mai wannan sana'a kuwa da kunne yake gani. In ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙara, ko maganar mutane ta dushe, ka wuce iyaka. Rage murya, kuma ka riƙa cire hedifon kana hutawa lokaci-lokaci.

Mataki na shida: filin gwaji

Gwajin kan tebur da kwabo a iska ba ya faɗin gaskiyar ƙasa. Samu ɗan fili, ka bi shi da na'ura ka cire duk ƙarfen da ke ciki. Binne kwabo iri ɗaya a kwance a zurfin santimita 10, 15, 20, 25 da 30, da tazarar mita ɗaya tsakaninsu. Ƙara tsohuwar ƙusa a santimita 15 da murfin kwalba a wani ramin. Danne ƙasar sosai, ka yi alama da turakun katako ko roba. In ruwa ya sauka a kai ƙasar ta zauna, gwajin ya fi kusa da gaskiya.

Bi layin babu busta, ka lura da kwabon ƙarshe da kake ji ba tare da kokwanto ba. Sake bi da busta. In ka samu ƙarin rami ɗaya, ko wanda kake shakka a kansa ya fito sarai, ta yi aikinta. In babu bambanci, iyakar na'urar ce ka riga ka kai, sai ka nemi zurfi ta faifai mafi faɗi.

Sanin inda abu yake yana sa kunne ya ji abin da babu. Sa wani ya binne kwabo inda ba ka gani ba, ka nemo shi da kunne kaɗai. Wannan ne gwajin da ba ya ruɗi.

Mataki na bakwai: sauraro a fili

Faifai ya kwanta dab da ƙasa tun daga farkon shara, wato wucewa da shi daga gefe zuwa gefe, har ƙarshenta, kada ya tashi a gefe, domin duk santimitar da ka ɗaga ka cire ta ne daga zurfi. Kowace shara ta hau rabin ta baya, saboda a can ƙasa wurin da faifan ke gani ya tsuke ƙwarai. Tafi a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Sai dai na'urorin da ke buƙatar motsi kafin su yi magana suna da saurin da suka fi so, filin gwajinka zai nuna maka shi.

Abu mai zurfi yakan zo da taushi: ƙugin ya ɗan kumbura ya koma, gajere, a wuri guda. Da ka ji haka, tsaya. Maimaita shara a kai, sannan ka zagaya ka gitta ta ta ɗaya ɓangaren. Abin kirki mai siffar kwabo yakan amsa ta kowane ɓangare a daidai wuri ɗaya. Ƙusa takan amsa ta nan ta ƙi ta can, ko muryarta ta karye biyu. Canjin ma'adinan ƙasa yana da faɗi, ba shi da tsakiya, yana kuma gusawa in ka canza ɓangare. Dutse mai ma'adini wani lokaci yakan sa ƙugin ya nutse kafin ya dawo da wata irin amsa mai kama da roba.

In har yanzu kana shakka, kankare santimita 3 zuwa 5 na saman ƙasa ka sake shara a cikin kwarin. Ƙarfe na gaske zai ƙara murya sosai tunda ka matso kusa da shi, hayaniyar ƙasa kuwa za ta tsaya yadda take ko ta ɓace. Ɗan mitsitsin ƙarfe da ke sama ma yakan yi raɗa kamar abu mai nisa, amma da ka ɗaga faifan kaɗan sai ya ɓace nan take, kuma kankarewar takan kwashe shi. A farkon amfani da busta ka tona duk raɗar da ta maimaita kanta. Za ka tona ramukan banza da yawa, amma ta haka kunne yake koyon bambancewa. Duk wannan da izinin mai fili da bin dokar ƙasar da kake kan kayan tarihi, kuma kowane rami a mayar da ƙasarsa.

In wani abu ya rikice

Ƙugi mai kauri da ba ya yankewa yawanci daga layin wutar lantarki ne, mai bugawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, ko daga wayar haɗi marar rufin kariya. Matsa daga layin, ka sauya wayar da mai rufi. Ƙarar fat-fat-fat kamar ta inji alamar batirin busta ya yi sanyi ne, ko tana buƙatar babbar kafasita, kamar mai maikrofarad 100 zuwa 470, a bakin shigar wuta. Fito mai tsini yana zuwa ne in wayar shiga da ta fita sun kwanta tare, raba su. Tsalle-tsallen da ke zuwa lokaci-lokaci kuwa, duba wayar salular da ke aljihunka, kashe ta ko ka nisanta ta da akwatin na'urar.

Akwai kuma wuraren da cire bustar ya fi. A filin da ya cika da gwangwani, ƙusoshi da murafun kwalba, abin da ke hana ka samu ba rashin jin zurfi ba ne, tarkacen sama ne ke rufe na ƙasa. Can ƙaramin faifai kake buƙata da murya madaidaiciya. Ka ajiye busta don fili mai tsabta, mai ƙasa natsattsiya, inda ƙugi zai iya miƙewa na tsawon shara da yawa ba abin da ya katse shi.